Haruffa Biyu a Bangon Gidanmu

Goggo Kaltouma, ki taimake ni. Ku kuma masu karatu, wa a cikinku zai wayi gari ya ga jan fenti a bangon gidan ubansa ya zauna yana murmushi?

Ni ɗan mahauta ne a nan Garwa. Ban yi lekol ba, wato makarantar boko. Faransancin da na iya, a allunan shaguna da tsoffin jaridun da muke naɗe nama na tsince shi, kuma duk takardar da ta shigo gidanmu ni Baba ke miƙa wa. Masu awon sabuwar hanyar da za ta haura gada kan Binuwai sun bi unguwarmu, suka bar haruffa biyu da jan fenti a bangonmu: A.C. Na ce wa Baba ai "à casser" ke nan, wato a rushe. Sau uku yana tambayata ko na tabbata, na rantse. Don kada katafila ta murƙushe mana kwano, da hannuna na kware rufin ɗaki biyu, Inna ta koma gidan ƙanwarta. Ban tsaya nan ba, na je bakin kogi na wanke shugabar awon, Madam Honorine, tas a gaban leburorinta. Abin da na faɗa ba ya rubutuwa.

Washegari sai ga ta ƙofarmu da taswira. Ashe "à conserver" ne, wato a bari! Hanya ta bayan layinmu za ta bi. Wallahi Goggo, zama na yi a ƙasa ina dariya kamar taɓaɓɓe. Gida ya tsira, alhamdu lillahi. Amma jiya takarda ta zo, Baba ya wuce ni ya kai wa maƙwabci. Wannan ya fi kware rufin ci mini rai. Ni kaɗai ke da laifi? Wanda ya ga ya dace a sanar da mutane makomar gidajensu da haruffa biyu, ya fito a wannan fili ya ba mu amsa!

Ɗan Mahauta, Garwa

Ɗana, barka da arziki. Ƙorafinka na kan hanya: jan fenti tsoro yake sawa, kuma ya kamata su bi gida-gida su yi bayani da Hausa da Fillanci. Na buga kiranka, fili a buɗe yake gare su.

Amma kai ma ka rantse a kan abin da zato kawai ka yi, nan ne kuskurenka. Mayar da kwanon kafin ruwa ya sauko, ka je da ƙafarka ka dawo da Inna. Madam Honorine kuwa, a inda ka zage ta nan za ka ba ta haƙuri, gaban leburorin. Ka roƙe ta ta fassara maka sauran alamomin, ku zaga unguwa da jauro, wato mai unguwarku, don akwai maƙwabtan da har yanzu ba su san matsayin gidajensu ba.

Baba kuma kada ka matsa masa. Ranar da ya ji ka ce "ban gane wannan ba, bari in tambayo", da kansa zai dawo gare ka. Kada ka bar karatu. Allah Ya sanyaya maka zuciya, Ya sa ku haye gadar nan lafiya.