Sun Cire Linux Daga Ajinmu, Zalika

Zuwa ga ƙanwata Zalika, a Dakar.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da aikinki. Inna tana gaishe ki, mai ɗakina da yara ma haka. An gama yankan hatsi a gonarmu ta Tabla, bana Allah ya rufa asiri.

Na ga hoton da kika sa, kina tsaye gaban taro kina bayani, a bayanki ga baƙin allon kwamfutar nan mai fararen haruffa. Jama'a suna ta yi miki barka. Ni ban rubuta komai a ƙarƙashinsa ba, kuma na san kin lura. Kishi ne ya hana ni. Na sa wannan wasiƙa inda kowa zai karanta don kada gobe in musanta.

Kin tuna tsohuwar kwamfutar da aka yar a bayan ofishin lakwal, makarantar da nake koyarwa, wadda na ɗauko gida na sa mata Linux, manhajar nan ta kyauta mai tafiyar da kwamfuta? Kina ƴar kwaleji lokacin. Kika kifa turmi kika zauna kusa da ni, kina tambayar dalilin kowane harafi har in gaji. Inna takan leƙo ta ce, "Ku biyun nan kun fi gaisawa da akwati a kan mutane." Ni na riƙe yatsanki na nuna miki inda za ki danna. Yau ana biya miki jirgi ki je ki yi magana a kan Linux, ni kuwa ina Filinge ina roƙon mutane su yarda kawai su kunna shi.

Lokacin da aka ba lakwal ɗinmu wasu tsofaffin kwamfutoci, ni direkta ya danƙa wa ɗakin da aka jera su. Na sa musu Linux duka. Suka tashi garau, ba wanda ya nemi kuɗin lasisi, ba ƙwayar cutar da ta shiga ko da yara sun cusa kile, ɗan abin ajiyar fayil ɗin da suka yi yawo da shi kasuwa. Na yi zaton magana ta ƙare.

Sai takardun inspeksiyo, ofishin masu duba makarantu, suka fara zuwa. In direkta ya buɗe su a wurina, layukan jadawali sun zame, suna ya hau kan suna. In na gyara muka mayar, can ma su ce ta lalace. Aka sayo sabuwar imprimanti ta buga takardu daga Yamai, ta ƙi buga ko harafi. Na nemi magani a intanet, masu amsawa suka rubuto da Turancin da ban iya ba, suka ce in sauko da wani abu mai nauyi. Kin san koneksiyon garin nan, ga wuta tana ɗaukewa a tsakiyar aiki. Da na aiko miki da tambaya, kika amsa nan take: "Yaya, ai wannan mai sauƙi ne." Kin yi gaskiya, maganinki ya yi aiki. Amma kalmar nan ta zauna mini a ƙirji kwana da kwanaki.

Duk wannan da na jure. Abin da ya karya ni maganar Mariyama ce. Ba ki san ta ba, ɗalibata ce, ɗiyar Malam Isaka mai awon hatsi. Ta fi kowa hannu a ajina. Ta shiga motar Yamai ta je jarrabawar ɗaukar sakatare. Suka zaunar da ita gaban Windows, abin da ba ta taɓa aiki da shi ba. Ta san abin da ake so ta yi sarai, amma komai ba ya inda ta saba ganinsa. Kafin ta gano, lokaci ya cika.

Ranar kasuwa mahaifinta ya tare ni. Bai ɗaga murya ba. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi Inna, sannan ya kira ni yadda ake kiran malamin lakwal a nan, ya ce, "Mushe, ka koya wa ɗiyata hanyar da ba ta kai wa Yamai." Na ce masa da Linux ɗin nan ƙanwata ta koya, ga ta can tana aiki a ƙasar waje. Ya dube ni ya ce, "Ai shi ya sa take can."

Direkta ya kira ni bayan haka. Ya ce ofisoshi Windows suke tambaya, sababbin kwamfutoci da shi suke zuwa, mai gyara na bakin tasha shi kaɗai ya iya, in aka yi mini canjin wurin aiki wa zai kula da ɗakin? Da hannuna na goge Linux, na sa Windows. Yanzu injinan suna jan ciki kafin su buɗe, amma yara murna suke yi, wai sun sami na gaske. Har Windows ɗin nake kishi, Zalika. Bai roƙi kowa ba, ana son shi.

Ke kuwa a wurinku, in abu ya ƙi, sai ki juya ga na kusa da ke. Ba wanda ya taɓa sa ki zaɓi tsakanin abin da kika yarda da shi da abincin ɗiyar wani. Wannan nake yi miki hassada a kai, ba albashi ba, ba jirgi ba.

Kwamfuta ɗaya na bari da Linux a kusurwa, na ce wa direkta ta tsufa da yawa ba za ta ɗauki sabo ba. Mariyama tana zuwa da yamma tana koyon Windows don jarrabawa ta gaba. In ta gama, sai in ga ta koma kan ta kusurwar, ba tare da na ce mata komai ba.

Ƙanwata, in hutunki ya zo, ki taho gida. Ki tsaya gaban ajina ki faɗa musu abin da kike yi da Linux, da Hausarmu ta Kurfai. Ni sun ji nawa sun gaji. Ke za su saurare ki, kuma zan zauna a benci na baya in ji zafin hakan, in ji daɗinsa.

Allah ya ƙara miki buɗi, ya tsare ki a baƙon gari, ya ba Mariyama rabonta. Ni kuma ya wanke mini zuciya a kan ɗiyar uwata. Amin.

Yayanki,
Mushe Hamidu, Filinge.