Gefen Mayafin Anti Babba

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Iyaye da Malamai ta makarantar renon yaranmu ta samu labarin rasuwar uwarmu, malamar ajin 'yan ƙanana, wadda yara da manya muka sani da Anti Babba, bayan doguwar jinya. Waɗanda suka duba ta a makonnin ƙarshe sun ga irin wahalar da ta sha ba tare da ƙorafi ba, don haka ba ma jin nauyin cewa Allah Ya hutar da baiwarSa.

Marigayiyar ta ƙarar da ƙuruciyarta a aikin da ba kowa ke ɗaukarsa aiki ba: share majina, ɗaure igiyar takalmi, raba faɗa a kan alli, da koya wa hannun da bai gama iya cokali ba riƙe fensir. Ba ta yi wa yaro magana daga tsaye, sai ta durƙusa ido cikin ido. Mu iyayen da ke makarar ɗaukar yara kuwa, babu wanda bai ɗanɗani harararta ba.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne wata marainiya da kakarta ke kawowa makarantar, wadda tun rasuwar mahaifiyarta ba ta shiga aji, ba ta cin abinci, sai tana riƙe da gefen mayafin Anti Babba. Ashe tun da ciwo ya fara cin ƙarfinta, marigayiyar ta riƙa yafa wa mataimakiyarta mayafin, ita kuma kullum tana ƙara janye kujerarta baya, har ta kai bakin ƙofa. Mu mun ɗauka gajiya ce.

Washegarin jana'iza muka yi cirko-cirko a ƙofar makaranta, muna jiran mu ga ko marainiyar za ta yarda ta shiga aji. Yarinyar ta saki hannun kakarta, ta kama gefen mayafin a jikin mataimakiyar, ta shiga aji, ta cinye abincinta tas. Sai a lokacin muka yi ajiyar zuciya.

Muna miƙa ta'aziyya ga maigidanta, 'ya'yanta da jikokinta, da addu'ar Allah Ya gafarta mata, Ya ba su haƙurin jure wannan babban rashi. Mayafin kuma za mu mayar musu da shi ba da jimawa ba, domin jiya yarinyar ta sake shi da kanta don ta karɓi alli.

Baban 'Yan Biyu
Sakatare kuma Kakakin Ƙungiyar Iyaye da Malamai