Tsarabar Ruwa

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar Inna? An ce ɗan autanka ya fara tafiya, Allah ya raya shi.

Mu nan alhamdulillahi. Ina nan ina wankin kayan ma'aikatan mahaƙar ma'adinai. Maigidana da sauƙi, tarin ne kawai, yanzu a zaune yake salla. Kada ka gaya wa Inna.

Labari ya iso mini cewa kamfani zai buɗe mahaƙa a bayan unguwarmu can gida, mutane sun fito sun ce ba su yarda ba, kai kuma ka hau kujera kana kiransu jahilai. Har ka ce wa Inna ta ajiye kwalin zanga-zangarta ta koma gida, wai ruwan mahaƙa ko jariri zai iya sha. Sannu da ilimi, Yaya! Hular kwanon da 'yan kamfanin suka ba ka ta yi maka kyau a hoto.

To ga tsaraba nan wurin direba: gorar ruwa daga rafin bayan ɗakinmu, wanda ya biyo ta mahaƙar nan. Shi 'yata ta riƙa sha, mai sunan Inna, wadda aiki ya hana ka zuwa ta'aziyyarta. Kada launinsa ya dame ka.

Ranar taro na gaba, ka ɗora autan a cinya, ka buɗe gorar a gaban jama'a, ka ba shi ya sha. In hannunka ya yi rawa, ka daure. Nawa bai yi ba, don ni ba wanda ya gaya mini.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka.