Abin da Ke Ƙugun Maigidana

Zuwa ga Yaya Khadijat,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da yara da Baban Ahmed. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Ni ma lafiya lau, ina ta koyon zaman Maiduguri, har na iya cewa wushe, wato sannu da Barbarci, in maƙwabta sun shigo.

Yaya, kin tuna saƙon da na aiko cewa Baba ya turo Kawu Mukhtari ya ɗauke ni, don na auri mai bindiga? To ki saurara. Tun da aka kawo ni Bulumkutu, maigidan nan ba ya fita sai da jaka a ƙirji da wata 'yar jakar fata a ƙugu, wadda ya hana ni taɓawa. Kullum da la'asar abokinsa Kashim zai zo, su shimfiɗa tabarma a zaure, su yi ta gardamar ƙananan bindigogi. Maigidan ya ce baƙar nan mai jikin roba ta fi, ba nauyi, ba ta cijewa. Kashim ya ce wannan ta yara ce, namiji sai mai jikin ƙarfe. Har gaba suka yi a kan wai a dama ake ɗaurawa ko a gaba. Ni kuwa ina bayan labule ina saurare. Na faɗa wa maƙwabciyata Yakaka, ta yi ta dariya, ta ce a waya suke kallo, ko harbin ɗanko ba su iya ba. Ban yarda ba.

Ranar Asabar muka hau keke napep za mu bikin suna a unguwar Mafoni, sai masu bincike suka tsare mu. Wani jami'i ya ce wa maigidan ya buɗe jaka. Yaya, ban san sanda na fashe da kuka ba, na ce wallahi ni baƙuwa ce, ban san yana da bindiga ba. Nan take fuskar mutumin ta sauya, aka sauke mu, mai keken ma ya tsere. Aka zazzage jakar ƙirji: tocila har uku, cokali mai naɗewa, usur, allura da zare, da wata 'yar wuƙa da ko albasa ba ta yankawa. Sai aka nuna ta ƙugu. Maigidan ya kama gumi, ya roƙi a buɗe ta a gefe, ba a gabana ba. Na ce shi ke nan, na zama matar fursuna.

Aka buɗe. Kwalbar yaji ce, da dunƙulen magi, da ƙullin gishiri! Jami'in ya shinshina, ya yi atishawa, ya tambayi na mene ne. Da ƙyar maigidan ya ce abincin da nake zuba masa ya tafi da shi shago ne ba ya jin komai, shi kuma ba ya son ya ɓata wa amarya rai. Jama'a suka kwashe da dariya. Jami'in ma ya ɗauki tocila ɗaya ya ce tasa ta fi haske, suka hau gardama, ni ina tsaye kunya kamar ta kashe ni.

Don haka a ce wa Kawu ya yi zamansa, ba inda za ni. Amma don Allah ki zauna da Inna ta faɗa miki yadda take haɗa miyar kuka, ki rubuto mini dalla-dalla. Na rantse sai na kwance wa mutumin nan ɗamara.

Ki gaida Baba da Inna, da Gwaggo Rakiya, da Sa'id sarkin kuka.

Taki ƙanwa,
Rahmat