Murɗin Hagu a Gidan Ruwa

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar, kumburin ya saɓe? Ina gaida Kawu da Goggo da duk mutanen gida. Mu nan lafiya lau. Maiɗakina da jikokinki suna gaishe ki, ƙaramar ta ce a gaya miki haƙorinta ya faɗi kuma ba ta yi kuka ba.

Inna, gobe jirgin saƙo zai tashi, gara ki ji wannan daga hannuna. Kin san garin nan namu a ƙarƙashin rumfar gilashi yake, a duniyar da ba a taɓa yin ruwan sama ba. Ruwan da muka sha yau shi za mu tace mu sha gobe. Shekara ashirin da biyu ina gidan ruwa. Da wankin bututu na fara, da ɗan karatuna na aji uku, yau mutum tamanin ke jiran umarnina, har da masu digiri. Ba a taɓa cewa wani ya yi ko ciwon ciki a ruwana ba, sai makon jiya.

Matatar unguwa ta tara ta ɓaci. Mutum goma sha ɗaya suka kwanta, ɗaya ya rasu, mai kula da lambun gari. Ya bar uwa makauniya, da mata, da ’ya’ya biyu. Ƙa’idar aikinmu, duk wata uku a canja ƙyallen matata, wanda ya canja ya rufe murfi ya ɗaure da wayar ƙarfe. Da na tsuguna na haska fitila, ƙyallen ya yi baƙi ƙirin, amma wayar sabuwa ce fil. Wato an zo an sabunta waya, ba a buɗe murfin ba. Kowa a gidan ruwa dama yake murɗa waya. Ni bahago ne, hagu nake murɗawa, sau uku, in lanƙwasa bakin. Mutum ɗaya na koya wa aiki hannu da hannu, shi ne Autanki.

Na kira shi ɗakin injin, mu biyu. Ya shigo yana tsokanata da Sarkin Famfo yadda ya saba. Da ya ga wayar a tafin hannuna sai ya zauna a ƙasa. Ya ce matatar tana ƙarƙashin bututun zafi, sai mutum ya yi awa biyu a rigingine, kuma ya ga ruwan garau yake fita. Dalilin ke nan, Inna, babu wani.

Shari’ar garin nan a hannun ’yan farko take, waɗanda kakanninsu suka gina shi. Ba su da kurkuku, ba su da lauya. Ba sa karɓar shaidar bare a kan mutum, sun ce bare yana iya ƙarya don ƙiyayya. Sai ɗan’uwa na jini. In ɗan’uwan ya yi shiru, magana ta mutu, babu mai sake tayar da ita. Sun ga murɗin, sun gane, sun ba ni kwana talatin in ba da shaida ko in yi shiru. Ki sa mu a addu’a.

Ɗanki,
Dogo

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da kika ce kina taka ƙafar har ƙofar gida. A gaida Kawu.

Wasiƙarki ta iso, na karanta ta a tsaye. Kin ce ciki ɗaya muka fito, kin ce a bakin jirgi kika danƙa mini shi yana rawar sanyi. Ban manta ba. Ni na saya masa takalmin aiki na farko, ya yi masa yawa har sai da muka cusa tsumma.

Shawarar Kawu ma na bi. Na ɗebi dattawa huɗu cikin namu baƙin gari, muka je gidan mamacin neman afuwa. Matar ta ba mu kujeru, ta saurare mu har ƙarshe, sannan ta tambaya cikin ladabi wa muke nema wa afuwar, kuma me ya yi. Mu kuwa ba mu zo da niyyar faɗin suna ko laifi ba. Ashe a wurinsu roƙon gafara kafin a faɗi laifi cin fuska ne. Ni da ake tashi tsaye in na shiga ofis, haka na fito ina kallon takalmina.

Hukuncinsu kuwa suna kiransa ɗaukar gurbi. Wanda hannunsa ya yi sanadin mutuwa zai bar gidansu ya koma gidan mamacin, ya yi aikinsa, ya ci abinci da iyalinsa, ya yi wa tsohuwa makauniyar jagora, har ƙaramin ’ya’yan ya girma. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Mutanenmu sun ce wannan bauta ce, gara kurkuku. Maiɗakina ma haka ta ce, kwana uku ba ta dubi idona ba. Su kuma ’yan farko mamaki suke yadda mu muke kulle mai laifi ya zauna ba aikin komai, marayu suna can ba mai duba su.

Zan faɗa miki abin da ban gaya wa kowa ba. Na yi niyyar in ce wayata ce. Har takardar ajiye aiki na rubuta. Amma kafin in miƙa ta na zagaya matatu arba’in da ke hannun Auta, na kwanta a ƙarƙashin kowace. Shida ba a buɗe su ba, Inna. Ɗaya ita ke shayar da makarantar jikokinki. Na canja su da hannuna. In na yi shiru, ko na ce ni ne, zai koma bakin aiki da waya a aljihu, mutum tamanin kuma sun koyi cewa ƙanen shugaba ba ya laifi. Wa zan sake sawa ya kwanta a ƙarƙashin bututun zafi?

Saura kwana tara. Ki gafarce ni tun yanzu.

Ɗanki,
Dogo

Zuwa ga Innata,

Ina gaishe ki, ina fatan lafiya ce ta sa ki shiru. Jirgi uku ya sauka ba takardarki. Saƙon Kawu dai ya zo, cewa kada in ƙara kiransa Kawu. Duk da haka a gaishe shi.

Na san an ba ki labari, amma ga yadda aka yi. Ɗakin shari’arsu zagayayye ne, babu kujerar da ta fi wata tsayi. Kafin shaida ya yi magana sai an miƙa masa kofin ruwa ya shanye. Ruwana ne, na san ɗanɗanonsa, na shanye. Na faɗi abin da na gani, har da matatu shidan, ban ƙara ba ban rage ba. Auta bai ɗago kai ba. Da aka gama, tsohuwar ta ce a kawo mata hannuwansa. Ta shafa su ciki da baya, ta ce sun yi laushi, amma lambu zai gyara su. Ta kama gwiwar hannunsa, shi ya fitar da ita.

Yau wata biyu. Nakan bi ta lambun da sunan duba bututu. Auta ya rame, ya yi duhu, amma shukar ba ta mutu ba, kuma na ga yaran suna hawa kafaɗarsa. In ya gan ni yakan miƙe ya ce ranka ya daɗe, Shugaba. Bai ƙara ce mini Yaya ba. Mutanenmu in na doso layi sai kowa ya tuna yana da aiki a cikin gida.

Ba zan ce miki na yi kuskure ba, don ƙarya ce, kuma ba ki haifi maƙaryaci ba. Da za a sake miƙo mini kofin nan, zan sha in sake faɗin abin da na faɗa. Wannan shi ke cina.

Roƙona guda ne. Tsohuwar ta aiko a gaya mini a wurinsu mai ɗaukar gurbi ba ya rasa uwarsa, ƙari ya samu. Ta ce duk ranar saukar jirgi Auta yakan ajiye fartanya ya je bakin ƙofa ya tsaya har mai rabon takardu ya wuce. Yana zaton don ya kunyata ki ne ba ki rubuto masa ba. In ranki bai ba ki ki rubuto mini ba, na ɗauka, ina da ƙarfin ɗauka. Shi ba shi da shi. Ki rubuta masa, ko layi biyu ne, ki sa Lambun Gari, ƙofa ta huɗu.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Ɗanki har kullum,
Dogo