Ƙahon Da Na Ɗinke A Wutsiyar Jirgi

Assalamu alaikum masu karanta wannan shafi. Ni tsohuwa ce daga ƙasar Gidan Rumji, ban yi lakol ba, wato boko, faɗa nake ana rubuta mini. Ku sakaya sunana, kuma ku ji ni zuwa ƙarshe kafin ku zage ni.

Ɗana na fari ya yi shekaru yana gyaran injuna a filin jirgi na Maraɗi. Da Nasara suka tafi ya dawo gida ya ce shi ma jirgi zai ƙera, da injin mota da katako da zanen tamfol. Abokinsa masassaƙi ya sassaƙa mishi farfela, ni na ɗinka tamfol ɗin. Kun san ɗan fari, ko sunanshi ba na kamawa, a gaban mutane ban taɓa tambayar ko ya ci abinci ba. To da wane baki zan ce mishi tsoro ya hana ni barci? Sai na karɓo ƙahon rago cike da maganin tsari, na haɗa da tsohon ruwan gatarin ubanshi marigayi, na cusa can ƙarshen wutsiya na ɗinke.

Ranar gwaji ina leƙe ta danga. Jirgin na barin ƙasa hancin ya ɗaga sama, ya danna ya ƙi sauka, jikin duka yana kaɗawa kamar mai masassara. Ya faɗo a gonar gero, ƙashin kafaɗar ɗan nawa ya karye. Ya ce farfela ce, wai gefe ɗaya ya fi nauyi. A bainar jama'a ya kira abokin nan maha'inci, yanzu ko turmi ba a kai mishi sassaƙa. Bawan Allah ya durƙusa a gabana yana cewa: "Inna, wallahi sai da na ɗora ta a kan kaifin wuƙa na auna, ba gefen da ya rinjaya." Na ce ya yi haƙuri. Ni ɗin da yaran unguwa ke ɓuya don tsorona in na fito, na kasa ɗaga ido.

Yanzu kafaɗa ta ɗoru. Ya sake farfela, ya lanƙwasa wani ɗan gwangwani a wutsiya, ya ɗaure jakar yashi a hanci don ya rinjayi nauyin da bai san da shi ba. Jiya na ji yana gaya wa matarshi har yanzu akwai abin da ke bugawa a baya. Ran kasuwa mai zuwa zai sake tashi.

In na cire a ɓoye, yashin nan ba zai kifa shi da ka ba? In na bari, ba ƙarfen ne ke girgiza shi ba? In na faɗa, ya zama ni na karya shi, ni na kashe wa mutum sana'a ina kallo. Kuma tun da na haife shi ban taɓa zaunar da shi na ce ina tsoron rasa shi ba.

Ku gaya mini kafin ran kasuwa, me zan yi?