Dalilin Komawar Inna Kpakungu

Zuwa ga Yayana Sadiq,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Yasmin da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare ku a can Fatakwal. Mu nan Minna lafiya lau, damina ta yi kyau.

Yaya, na zaɓi takarda ne don na san in a waya ne kunya ba za ta bar ni in kai ƙarshe ba. Makon jiya na mayar da Inna tsohon gidanmu na Kpakungu ba tare da na shawarce ka ba. Ka yafe mini, amma ka ji yadda aka yi. Gidan da ka gina mata a Maitumbi ba shi da makusa. Sai dai tun da ta tare, Inna ta daina cin abin kirki. Wuni take a tsakar gida tana kallon katanga, zanenta har zamewa yake saboda rama. Sau biyu na kai ta asibiti, likita ya ce bai ga ciwon komai ba.

Ana nan, ran wata Asabar, sai ga tsofaffin maƙwabtanmu sun sauka daga Keke Napep guda: Maman Shekwolo, Bagwariyar nan mai doya, da Iya Abdulwasiu mai ɗinki, da Kubura mutuniyar Bida. Suka cika gidan da hayaniya, kowacce da kalar Hausarta, suna yi wa Inna faɗa wai ta gudu ta bar su. Maman Shekwolo ta daka sakwara. Da idona na ga Inna ta cinye malmala biyu tana dariya. Da suka tashi tafiya, ta raka su bakin ƙofa ta daɗe a tsaye.

Da ta shigo, ta ce in mayar da ita Kpakungu. Na tuna mata abin da ka ce, cewa ba ka son ta tsufa cikin cunkoso da tarkacen mutane. Ta ce ita ma da irin wannan tunanin ta zo daga Katsina tana amarya, ko ruwan randar maƙwabtan nan ba ta sha. Ta ce da ta haife ka zazzaɓi ya kwantar da ita kusan wata biyu, nono ya ƙafe, ga danginta nesa. Kubura ce ke mata wanka, Iya ke dafa wa marigayi Baba abinci. Maman Shekwolo kuwa, da ke goyon nata jaririn, ita ta riƙa shayar da ku tare. Ta ce a nan ta gane mutum rahama ne, kuma ba ta taɓa faɗa maka ba don kunyar ɗan fari. Yaya, Shekwolon da ke gyaran babur a bakin layi ɗan'uwanka ne na nono.

Yanzu Inna tana cin abinci, har ta koma saƙar tabarmarta. Ta ce in gaya maka ba raina kyautarka ta yi ba, kullum tana sa maka albarka. Roƙonta ɗaya: in ka zo hutun Sallah, ka fara shiga ɗakin Maman Shekwolo ka durƙusa ka gaishe ta kafin ka shigo nata.

Ka gaishe mini da Anti Yasmin, da Raliya da ɗan autanku Mamudu. Kawu Sanda yana gaishe ka. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai neman afuwarka,
Lailatu